Kaya na mai takarda ne: littattafan masu tara kayan tarihi da rabon Hausawan ƙetare

Ranar 16 ga watan Yulin 2025, a birnin New York, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kilo 24 da 'yan kai a kan dala miliyan 5.3, wato kusan sefa biliyan uku. Dutsen ɓallin duniyar Mars ne da ya faɗo ƙasa, kuma shi ne mafi girma irinsa da aka taɓa samu. An tsince shi a hamadar jihar Agadas a watan Nuwamban 2023. Gwamnatin Nijar ta nuna shakku kan hanyar da ya bi ya fita, ta buɗe bincike, sannan ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu daga ƙasar. Kamfanin ya amsa cewa an bi ƙa'ida, takardunsa cikakku ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne guzurin da dutsen ya shiga zauren gwanjo da shi. Yana da suna a rajistar masana, NWA 16788, haruffan da ke nufin arewa maso yammacin Afirka kawai. Yana da sakamakon gwajin ɗakin bincike, da hotuna, da shafinsa a kundin gwanjo. Kundin ya ce wani mai farautar irin waɗannan duwatsu ne ya tsince shi, bai faɗi sunansa ba, kuma an sakaya sunan mai sayarwa da na mai saye. Su kuwa hukumomin Yamai sun ɗaga murya ne bayan an riga an buga guduma.

Haka cinikin kayan tarihi yake tafiya tun fiye da shekara ɗari. Akwai wani rukunin littattafai da ba kasafai ake ganinsu a kantunan Yaunde, Njamena ko Kwatano ba: littattafan koya wa mutum tara kaya, kundayen gwanjo, kundayen baje koli, da rajistar gidajen tarihi. Su ke yanke wa kaya farashi, su ne kuma ake buɗewa yau idan aka shiga gardamar wa ke da abu. Hausawa sun daɗe cikin wannan ciniki a matsayin dillalai da masu safara, amma da wuya ka samu sunanmu cikin masu rubutawa.

Ɗan littafin 1931

A 1931 gidan tarihin Trocadéro na Paris ya buga wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Instructions sommaires pour les collecteurs d'objets ethnographiques, domin raba wa jami'an mulkin mallaka da matafiya. Ya shawarce su da kada su tsaya kan abin da ya burge su kaɗai, su kwashi har kayan yau da kullum, domin ƙwarya da ludayi sun fi bayyana rayuwar mutane. Ya kuma ce kowane abu a yi masa kati: inda aka samo shi, sunansa a harshen masu shi, amfaninsa, wa ya karɓo shi, yaushe.

An shirya littafin ne tare da ayarin da Marcel Griaule ya jagoranta daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933. Majalisar dokokin Faransa ta ware masa kuɗi, har ɗan damben nan Al Brown ya yi wasa a Paris don tara masa gudummawa. Ayarin ya ratsa ƙasashenmu, ta Yamai, Kano, Mora da Garwa, ya koma gida da kaya kimanin 3,500. Magatakardansa, Michel Leiris, ya riƙa rubuta abin da ke faruwa kullum, ya buga shi a 1934 da sunan L'Afrique fantôme. A ciki ya ba da labarin yadda a watan Satumban 1931, a wasu ƙauyukan Bambara na Mali ta yau, suka tsorata dattawa da barazanar hukuma, suka shiga ɗakin tsafin kono suka ɗauke abin da ke ciki, suka bar 'yan kuɗi kaɗan. Griaule bai taɓa yafe masa wannan tonon asiri ba.

Yau wannan littafi ya zama shaida. Mali ta nemi a mayar mata da wasu daga cikin kayan ayarin, kuma a 2025 gidan tarihin quai Branly ya yi baje koli na musamman kan tafiyar, bayan masu bincike daga Afirka da Faransa sun koma garuruwan da ayarin ya yada zango suna tambayar jikokin mutanen. Da Leiris bai rubuta ba, da abin da ya rage shi ne kati mai cewa an samo abu kaza a ƙauye kaza.

Lissafi kafin roƙo

Duk wanda ya bi labarin mayar da kayan tarihi zai ga cewa lissafi ne ya motsa shi. A watan Yunin 1978 shugaban UNESCO na lokacin, Amadou-Mahtar M'Bow, ya yi kira a mayar wa ƙasashe kayan gadonsu. Bénédicte Savoy, a littafinta na 2021 wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan Le long combat de l'Afrique pour son art, ta nuna yadda shugabannin gidajen tarihin Jamus suka tunkari kiran: sun shirya wata takardar sirri a shekarar, cikin shawarwarinta har da guje wa buga jerin kayan da suke riƙe da su, don kada a tayar da kwaɗayin masu nema. Sun san inda ƙarfin yake.

Shekara arba'in bayan haka, bayan jawabin Emmanuel Macron a Wagadugu a watan Nuwamban 2017, Savoy da Felwine Sarr na Senegal suka miƙa rahotonsu na 2018. Sun ce akwai kayan Afirka kudu da Sahara kimanin 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, 70,000 daga ciki a quai Branly. Ƙasar da ta fi kowa yawan kaya a can ita ce Cadi, sama da 9,000, cikinsu har da abin da Jean-Paul Lebeuf ya tono a kufan mutanen Sao. Kamaru na biye da kusan 8,000. Shekara ba ta zagayo ba Cadi ta rubuta wa Paris tana neman nata.

A 2023 kuma aka buga Atlas de l'absence, aikin haɗin gwiwa tsakanin masana na jami'ar Dschang ƙarƙashin Albert Gouaffo da na Berlin ƙarƙashin Savoy. Sun bi rajistar gidajen tarihin Jamus ɗaya bayan ɗaya, suka ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000, alhali gidan tarihin ƙasa na Yaunde bai wuce kimanin 6,000 ba. Gidan tarihin Linden na Stuttgart shi kaɗai yana da sama da 8,000. Masu karatu na Adamawa su lura: a cikin wannan tarin akwai ganimar yaƙe-yaƙen da sojan Jamus suka yi a arewa, kamar wawashe fadar Lamiɗon Tibati a 1899. Ana iya sauke littafin kyauta a intanet, kuma a ganina ya kamata kowane malamin tarihi a Garwa, Marwa da Ngaundere ya buɗe shi, ko don ya ga sunan garinsu.

Doka ma takarda take nema. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ba ta waiwayen abin da ya faru kafin ta fara aiki, sannan wajibcin mayar da abin da aka sace daga gidan tarihi ko wurin ibada ya rataya ne a kan a nuna cewa abin yana cikin rajistar wurin. Kayan Abomey 26 da suka koma Binin a watan Nuwamban 2021 an san tarihinsu dalla-dalla: Janar Dodds ya kwashe su a 1892, shi da kansa ya ba gidan tarihi kyauta, aka rubuta. Gangar Djidji Ayôkwé ta Kodebuwa, wadda majalisar Faransa ta amince a mayar a watan Yulin 2025, an san a 1916 aka ƙwace ta. Inda aka kasa canza doka kuma sai a koma ga aro, kamar kayan zinaren Asante 32 da gidajen tarihin Landan biyu suka kai Kumasi a 2024 na ɗan lokaci. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Wani aron ma a juye yake: mutum-mutumin yumɓu uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, da Faransa ta saya ta baje a Louvre a 2000 duk da an san haramun ne fitar da su daga Najeriya. A 2002 aka sasanta cewa na Najeriya ne, amma ta ara wa Faransa su na shekara 25. Wa'adin zai cika a 2027.

Salsalar da ke sa kaya tsada

Kundin gwanjo yana jera wa kaya salsala kamar yadda malamai ke jera waɗanda suka karɓi karatu daga wurinsu. Bambancin shi ne salsalar kasuwa tana farawa ne daga Baturen farko da ya taɓa abin. Dubi mutum-mutumin katako da ake kira Sarauniyar Bangwa, daga yammacin Kamaru. Wani Bajamushe, Gustav Conrau, ya fitar da ita a ƙarshen ƙarni na 19, ta shiga gidan tarihin Berlin, ta fita zuwa hannun dillalai, ta shiga tarin attajirar kayan kwalliya Helena Rubinstein, mai ɗaukar hoto Man Ray ya ɗauke ta a shekarun 1930. A 1966 an sayar da ita dala 29,000. A 1990 ta kai dala miliyan 3.4. Katakon bai canza ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan littattafan da hotonta ya fito a ciki.

Misali na kusa ya fi ban takaici. A 2021 wasu tsofaffin mata da miji a kudancin Faransa suna kwashe kayan gidansu, suka sayar wa wani mai cinikin tsofaffin kaya wata fuskar katako a kan yuro 150, abin da bai cika jika ɗari ba. Mutumin ya kai ta gwaji, aka auna shekarunta, aka gano ta ƙungiyar Ngil ce ta mutanen Fang na Gabon, kuma wani gwamnan mulkin mallaka daga dangin mijin ne ya kawo ta. A watan Maris na 2022 aka sayar da ita a Montpellier kan yuro miliyan 4.2. Tsofaffin suka kai ƙara, gwamnatin Gabon ma ta shigo tana neman kayanta. A watan Disamban 2023 kotun Alès ta kori buƙatun duka biyun. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya nemo wa abin takarda.

Sai dai littafi kaifi biyu gare shi. An gano kufan Bura a yammacin Nijar a 1975, Boubé Gado ya yi tono na ilimi a wurin a 1983, sannan aka nuna kayan a babban baje kolin Vallées du Niger da aka buɗe a Paris a 1993, da kundinsa mai kyawawan hotuna. Bayan nan masu tonon sata suka afka wa yankin, domin kasuwa ta riga ta ga samfur. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na abubuwan da bai halatta a saya ba, tare da na Nok, na Sao da na Koma a arewacin Gana. Shi ma jan jerin ɗan littafi ne, wannan karon na jami'an kwastan.

Inda Hausawa suka shigo

A 1994 wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya buga African Art in Transit, bayan ya zauna da 'yan kasuwar kayan gargajiya na Abijan a ƙarshen shekarun 1980. Yawancinsu Musulmi ne baƙi: Hausawa, Wolof da Mande. Ya bayyana ɗakunan ajiyar Hausawa a Treichville, da yadda kaya ke bin hannu bayan hannu daga ƙauye zuwa birni zuwa Turai da Amurka, kowa na ɓoye wa na gabansa inda ya samo da nawa ya saya. Ya nuna cewa Bature mai tara kaya yana neman abin da aka yi don amfani, aka yi tsafi da shi, tun kafin zuwan Turawa. Da irin wannan ya yi ƙaranci, sai kasuwa ta koyi tsufar da sabo da hayaƙi, da ƙasa, da ruwan goro, ta kuma koyi ƙaga masa labari. A farkon shekarun 1990 an yi wani fim, In and Out of Africa, da ya bi wani Bahaushen Nijar da kayansa daga Kodebuwa har Amurka. Wanda ya san layin masu sana'ar hannu na Fumban ya san sauran: masassaƙi da maƙerin tagulla suna kwaikwayon hoton da ke cikin kundin Turawa, domin abin da mai saye ya gani a littafi shi yake nema.

Ba na cikin masu ɗora wa waɗannan fatake laifin komai. Sun shiga wannan sana'a kamar yadda kakanninsu suka shiga fataucin goro, da amana da bashi da maigida a kowane zango, kuma kaso mafi tsoka na ribar a Paris, Brussels da New York ya tsaya. Amma kada mu yi wa kanmu ƙarya: wasu kayan da suka ratsa hannunsu na sata ne, daga ɗakunan tsafi da kaburburan mutanen da muke zaune a ƙasarsu. Ga al'ummar da take 'yar tsiraru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan maƙwabci ya buɗe kundi ya ga gunkin kakansa, ya tambaya ta ina ya fita, amsar da zai ji a ƙauye sau da yawa ita ce wani Bahaushe ne ya zo ya saya.

Abin da ya sauƙaƙa cinikin a zuciyar ɗan kasuwa shi ne ganin cewa gumaka ne, itace ne, ba ruwansa. Wannan tunanin ne kuma ya sa da yawa daga cikinmu suke jin labarin mayar da kayan tarihi kamar labarin wasu. Alhali namu kayan suna can. Rigunan aska takwas da na tsamiya, takubba, sirdi da kayan doki, tandu, alluna masu zayyana, layu, duk suna cikin ɗakunan ajiyar Turai da kati mai cewa Haoussa ko Haussa. Alƙur'anai rubutun hannu na Barno da ƙasar Hausa, da gafakarsu, suna fitowa a gwanjon kayan Musulunci na Landan, galibi da bayani guntu: Afirka ta Yamma, ƙarni na 19. Babu sunan mai rubutu, babu sunan gidan da ya fito.

To wa zai nema? Daftarin dokar da gwamnatin Faransa ta gabatar a watan Yulin 2025, kan kayan da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba tsakanin 1815 da 1972, ya tanadi cewa ƙasa ce ke shigar da buƙata. Haka tsarin yake kusan ko'ina. A ɗauki rigar da aka saƙa aka ɗinka a Kano, Bajamushe ya karɓe ta a Kete Krachi lokacin garin na ƙarƙashin Togo ta Jamus, garin kuma yau yana Gana. Abuja za ta ce ba a ƙasarta aka ɗauka ba. Lome za ta ce garin ba nata ba ne. Akara tana da kayan Asante a gabanta. Kowace gwamnati tana fara neman abin da zai zama tutar ƙasa, kuma kayan zango ba sa cikin sahun farko.

Kete Krachi ɗin ma ba da ka na ambace shi ba. Nan Imam Umaru ya zauna, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya yi Salaga, ya rasu a 1934. Ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich dogayen bayanai da ajami kan tarihi da rayuwar ƙasar Hausa. Wannan ba ganima ba ce, aiki ne da aka yi da yarda. Duk da haka rubutun ya tafi Jamus, kuma wani masani ɗan ƙasar Folan, Stanisław Piłaszewicz, shi ya buga wani ɓangare nasa a shekarar 2000. Ɗalibi a zangon Kumasi ko Lome da ke son karanta abin da malamin zango ya rubuta da Hausa, sai ya nemo littafin da aka buga a Turai da kuɗin Turai.

Ɓarnar da ta fi yawa a yau ma ba ta bukatar Bature. Malami ya rasu, a raba littattafansa cikin gado kamar yadda ake raba tukwane. Tun da warƙoƙi ne marasa ɗinki, littafi ɗaya sai ya rabu gida uku. Gara ta ci wani, ruwan sama ya ci wani, wani kuma jika ya kai kasuwa ranar da aka rasa kuɗin asibiti. Ba na zargin jikan. Amma ranar da wannan littafi ya bayyana a kundin gwanjo, babu wata takarda a duniya da za ta nuna daga gidan wane ya fito.

Akwai hanyar da aka taɓa gwadawa ta yi aiki. A farkon shekarun 1960 cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Gana da ke Legon, da jagorancin Ivor Wilks da taimakon malamai na cikin gari, ta riƙa aron rubuce-rubucen Larabci da ajami daga masu su, ta ɗauki kwafi, ta mayar musu da asalin. Ɗaruruwan rubuce-rubuce sun tsira ta haka, ciki har da na Imam Umaru. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH, wanda ya faro daga tarin Boubou Hama, yana riƙe da kimanin 4,000. Abin da a wancan lokaci sai da injin kwafi da mota, yau wayar hannu na yin sa. Akwai ma wani ma'auni mai sauƙi da ake kira Object ID, wanda cibiyar Getty ta fitar a 1997, ICOM ke kula da shi yanzu, 'yan sandan duniya kuma suke aiki da shi: hoton abu, irinsa, da me aka yi shi, tsawo da faɗi, rubutu ko alamar da ke jikinsa, tabo ko gyara, zamaninsa, wanda ya yi shi. Shafi ɗaya ya isa. Fadar sarkin Hausawa a Briqueterie ko New Bell, ko kwamitin masallacin zango a Kwatano, za su iya yi wa tambari, takobi, sandar liman da littattafan gidajen malamai irin wannan rajista cikin hutun makaranta guda, da ɗalibai biyar. Darasin Bura shi ne kada a watsa ta a Facebook da sunan gida da unguwa. Kwafi ɗaya wurin masu kaya, ɗaya a fada, ɗaya a hatimce a ma'ajiyar takardun ƙasa ko jami'a.

Akwai kuma wani kundin da ke hannunmu wanda gidajen tarihin Turai ba su da shi. Masu binciken asalin kaya suna kashe kuɗi mai yawa suna neman sanin ta ina abu ya fito kafin ya isa hannun dillalin Paris, kuma a nan salsalarsu ke yankewa. Mutanen da suka san wannan gaɓar su ne tsofaffin 'yan kasuwarmu: wane ƙauye, wace shekara, daga hannun wa, a kan nawa, wanne ne na gaske wanne ne aka kwana ana shafa wa hayaƙi. Wanda yake ɗan shekara 40 lokacin da Steiner ya zauna a Treichville, yau ya haura 75. Wasu suna nan a Abijan, Lome da Duwala, wasu sun koma gida. Ba za su buɗe baki ga baƙo mai ɗauke da takardar tambayoyi da Faransanci ba, don suna tsoron a ce su ɓarayi ne. Ɗan gida mai jin Hausa, wanda ya zo ta hannun maigida ya kuma yi alkawarin sakaya suna, shi zai iya zama da su.